Makullan da Ke Aljihun Baba

A watan jiya aka gayyace ni walimar karrama wani dattijo a nan Kaduna. Ba zan faɗi sunansa ba, don ya ce in na kuskura na sa shi a jarida ko a intanet, to mun ɓata. Mu dai Baba muke ce masa. Ya haura saba'in, kuma fiye da rabin shekarun nan ya ƙarar da su yana yawo da mutane cikin gari yana nuna musu tsofaffin gine-gine: 'yan makaranta, baƙin gwamnati, Turawa masu bincike, 'yan bautar ƙasa da aka turo daga Kudu, har da irina, wanda aka haifa a Tudun Wada amma sai da ya kai shekara talatin kafin ya san abin da ke bayan katangar da yake wucewa kullum a hanyar aiki.

Taro ya yi kyau, ba laifi. An kira ƙarfe goma, aka fara sha biyu saura, kamar yadda muka saba. Masu jawabi suka yi ta zuba kirari: rumbun tarihi, gwarzon da ba a san da shi ba, uban marayun gine-gine. Aka miƙa masa allon gilashi mai rubutun ruwan gwal, da shadda yadi goma, da ambulan. Aka ɗauki hoto, aka sake ɗauka saboda wani babba bai shiga na farkon ba. Sai da aka fara raba shinkafa, wasu har sun miƙe za su kama azahar, sannan aka tuna ba a ba shi lasifika ba.

Bai yi dogon bayani ba. Ya yi godiya, ya yi addu'a, sannan ya sa hannu a aljihun babbar riga ya zaro wasu ƙananan makullai guda uku da aka ɗaure da tsumma. Ya ɗaga su ya ce, “Allah ya saka da alheri. To waɗannan fa, wa zan ba wa?” Aka yi dariya, aka tafa, an ɗauka raha ce irin ta tsofaffi. Ni na san makullan. Na akwatunan ƙarfe ne guda uku da ke ƙarƙashin gadonsa, cike da littattafan rubutu, da hotuna, da taswirorin da ya zana da hannunsa, da sunayen mutanen da ya yi hira da su tun ina firamare. Ya tsaya jim kaɗan da hannu a sama. Babu wanda ya miƙe. Ya mayar da su aljihu ya zauna.

Tun ranar abin yake damuna. Yabon gwani ya zama dole, ban ƙi ba, kuma gara a yaba wa mutum yana raye yana ji da kunnensa. Amma irin karramawar da muka iya a garin nan ta fi kama da sallama. Mu ba ka allo, mu yi maka tafi, mu rufe fayil ɗinka, kowa ya koma gida da jin cewa an sauke nauyi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana roƙon a kula da bangon da ke tsagewa, sai mu ba shi abin ratayewa a nasa bangon.

Aikin Baba ya fi na takwarorinsa na sauran garuruwa wuya, kuma dalilin yana cikin wata magana da nake ji tun ina yaro: wai Kaduna ba ta da tarihi. Bakano zai nuna maka Dala da Kurmi da Gidan Makama. Bakatsine zai kai ka gindin Gobarau. Bazazzagi, ga shi nan kusa, zai lissafa maka ƙofofi tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, ya haɗa maka da Turunku da Kufena. Mu kuwa sai a ce garin gwamna, garin da Bature ya zana da rula. Akwai gaskiya a ciki. A 1917 Turawa suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita bakin wannan kogi, saboda ga ruwa, ga layin dogo, ga fili, kuma ba a cikin birnin wani babban sarki ba. Gbagyi suna nan da ƙauyukansu tun kafin a zo, abin da masu cewa an tarar da daji ne suke son mantawa. Sauran kuwa zuwa aka yi: soja, leburan reluwe, akawu, ɗan kasuwa, malamin allo, kuku. Sunayen unguwanninmu ma sun isa shaida, Unguwar Kanawa, Tudun Nupawa, ga titunan tsakiyar gari masu sunan Legas da Ibadan da Katsina da Jos.

Abin da wannan ya haifar shi ne gari mai miliyoyin mazauna amma masu kiransa gida kaɗan ne. Je ka tashar Kawo ana jibi Sallah, ko garejin Television ana saura kwana uku Kirsimeti, ka tambayi mutane ina za su. Kowa zai ce maka gida. Mutumin da aka haifi kakansa a Kabala zai ce maka shi ɗan Bida ne. Ni kaina in aka tambaye ni, sunan ƙauyen mahaifina nake faɗa, ƙauyen da ban taɓa yin wata guda cur a cikinsa ba. To ginin da ke garin da ba naka ba, wa zai yi kuka in ya faɗi? A Zariya ko soron wani gida ya rushe akwai zuri'ar da za ta ji kunya. A Kaduna tsohon gini sunansa kayan gwamnati, kuma kowa ya san ma'anar kayan gwamnati a bakinmu.

Ranar da na fara bin Baba, Ƙofar Gamji ya kai mu. Na sha zuwa wurin da Sallah ina yaro, don lilo da kallon kada, amma ban taɓa lura da wata 'yar gadar ƙarfe da ke ciki ba. In ka gan ta ma sai ka raina ta, taku kaɗan ka ƙetare. Baba ya sa muka tsaya a kanta, ya ce kowa ya dafa ƙarfen. Ya ce a Zungeru aka fara kafa ta a 1904, zamanin Lugga, daga baya aka kwance ta aka kawo ta nan aka sake ɗaurawa, kuma tun 1956 take cikin jerin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare. Wani yaro ya ce, “Baba, wannan 'yar abar?” Ya ce, “Ita fa, ɗana. Ta girmi Nijeriya da shekara goma. Kai da wa ka girma?” Aka fashe da dariya, amma na ga yaron ya koma ya sake shafa kusoshin.

Haka yake yi. Ba ya haddace shekaru ya zazzage maka kamar mai karanta sanarwa. Zai kai ka gidan tarihi da ke titin Ali Akilu, kafin ku shiga ya tsayar da kai a waje ya ce ka dubi ginin tukuna, don shi ma kayan nuni ne: nan ce tsohuwar hedkwatar jam'iyyar NPC ta su Sardauna, sai a 1975 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi. A ciki zai nuna maka kawunan yumɓu na Nok, masu idanun nan da aka huda, waɗanda suka haura shekara dubu biyu, ya tuna maka cewa Nok ɗin ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba, cikin jihar nan tamu. Zai wuce da kai gaban Lugard Hall, mai tulluwar nan da ake hangowa daga nesa, inda majalisar sarakuna da ta wakilan Arewa suka zauna, yau kuma majalisar dokokin jiha. Daga nan sai titin Rabah, gidan Sardauna, inda sojoji suka kashe shi da matarsa Hafsatu daren 15 ga Janairun 1966, gidan da ya zama Arewa House a 1970, cibiyar bincike da adana tarihi da Farfesa Abdullahi Smith ya assasa, take kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A nan Baba ba ya raha. Yakan rage murya, ya bar mutane su yi shiru su kalla.

Amma inda ya kama ni shi ne Kakuri. Ban zaci za a sa masaƙa a lissafin tarihi ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin masaƙa ne, kuma a wurina wurin aiki ne kawai, inda yake fita da asuba a kan keke ya dawo da auduga a gashin gira. Baba ya tsayar da mu a bakin wata ƙofa da ciyawa ta cinye, ya ce a 1957 aka buɗe masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, ita ce ta fari, sauran suka biyo baya har Kaduna ta zama garin yadi, kuma a 2002 ta rufe. Sai ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa jin jiniyar canjin aiki. Na ɗaga hannu ni kaɗai. Ya ce, “To Malam, kai za ka ba da labarin nan, ni na gaji.” Na buɗe baki in yi magana sai na ji wuyana ya shaƙe. Na tuna kekuna ɗaruruwa suna fitowa lokaci guda kamar an buɗe dam, da masu abinci a bakin titi, da yadda abokin mahaifina na kusa, wani Bakatafe da muke kira Kawu, yake kawo mana shinkafar Kirsimeti a kwanon sha mai murfi. Ranar na gane cewa ina da gari.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma ba duka ne wawaye ba. Wani abokina, malamin makaranta mai zafin ra'ayi, yakan ce me zai sa mu kashe kuɗi muna lallashin ginin ɗan mulkin mallaka. Lugga ɗin nan ba shi ne sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba? Ba su ne suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi suka kashe shi ba? Ba su ne suka ƙone Satiru a 1906 ba? Haka ne, kuma duk wanda zai nuna wa yara gadar Lugga bai faɗa musu wannan ba, ya ci amanarsu. Sai dai ina tambayar abokina: wa ya ɗauki dutsen? Wa ya haƙa ramin, ya shimfiɗa layin dogon, ya kwaɓa simintin? Kakanninmu ne, wasu da lada, wasu da ɗiban gwamna, aikin tilas da har yau tsofaffi ke ambata da ɗaci. Bature ya sa hannu a takarda ya koma Ingila. Gumin da ke jikin bangon namu ne. Kuma a cikin wannan zauren mai sunan Lugga ne 'yan Arewa suka yi ta muhawara har yankin ya karɓi mulkin kansa a 1959. In ka rushe shi don haushin Bature, shaidar da za ka kafa a kansa ka rushe, shi ko a jikinsa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta ciki. Mutum bai ci ba, ɗansa na gida an koro shi kuɗin makaranta, hanyar ƙauyensu ba ta biyuwa, ka zo kana yi masa zancen yawon buɗe ido? A nan dole in rabu da masu jawabin walima. Kusan kowannensu sai da ya ce tarihi zai kawo mana baƙi daga ƙasashen waje, da dala, da ayyukan yi, har wani ya kwatanta mu da Masar. Mu ji tsoron Allah. Garin da aka tare jirgin ƙasan da ke zuwa cikinsa ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe mutane aka kwashi wasu zuwa daji wata da watanni, ba zai wayi gari ya ga Turawa da kyamara suna layi a Rigasa ba. In muka jingina kare gine-ginenmu da zuwan baƙon waje, to duk shekarar da bai zo ba mun ba katafila hujja.

Baƙon da nake nufi yana nan cikin gari. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogin nan ya zama iyaka, kowa ya san wannan ko da ba a so a faɗa. Musulmi suka tattara arewa, Kirista suka tattara kudu, aka bar gada tana ɗaukar ma'aikata da safe tana mayar da su da yamma. Yanzu akwai saurayi mai gemu a Rigasa da bai taɓa taka Sabon Tasha ba, akwai budurwa a Narayi da ba ta san hanyar Masallacin Sultan Bello ba, balle ta san tun 1962 yake tsaye. Waɗannan su ne 'yan yawon buɗe idon da Kaduna take buƙata, kuma kuɗin motarsu bai fi na Keke Napep ba. Abubuwan da ɓangarorin biyu suka mallaka tare ba su da yawa, kuma kusan duk tsofaffi ne: tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction, masaƙun Kakuri, filin wasa na Ahmadu Bello, Dandalin Murtala inda aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956 lokacin yana filin sukuwa. A waɗannan wurare kakan wannan da kakan wancan suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa, suka ci bashin juna, suka yi faɗa a kan ƙwallo.

Na taɓa raka Baba ranar da ya haɗa makarantu biyu, ɗaya daga Tudun Wada ɗaya daga Barnawa. Ba zan yi ƙarya in ce an rungumi juna an yi kuka ba. Da farko kowane rukuni ya tsaya gefe yana harara, malamansu ma haka. Abin da ya haɗa su gardama ce a kan sunan garin: waɗannan suka ce jam'in kada ne, wata yarinya Bagbagyiya ta ce sam, kakarta ta ce kalmarsu ce aka lanƙwasa. Baba ya ƙi raba gardamar. Ya ce kowa ya je ya tambayo tsohon gidansu ya rubuto masa. Takardun da suka aiko suna cikin akwati na biyu.

Sai masu cewa gari dole ya girma. Wannan ni ma ina cikinsu. Ayyukan faɗaɗa tituna da aka fara a 2019 sun sauƙaƙa mana rayuwa, duk wanda ya san cunkoson gadar Kawo a da ba zai yi musu ba. Ba kowane tsohon bango ne tarihi ba, wani tsufa kawai ya yi, kuma mai gida yana da haƙƙin ya sayar da gidansa ya raba wa magada. Abin da ke ba ni haushi shi ne babu wanda ke tsayawa ya tantance. Akwai wani gida a tsohuwar unguwar Turawa da nake zuwa ina yaro, wurin wata gwaggona da ke aiki a can. Ginin dutse ne mai faffaɗar baranda ta kewaye shi, rufinsa da tsayi, tagoginsa suna kallon juna, ga maɗatai da mangwaro sun yi masa rumfa. A tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji kamar an yayyafa ruwa, babu fanka balle na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya zana shi ya san rana, ya san inda iska ke bi. Bara na bi ta layin sai na ɓata, don babu gidan, babu itatuwan. Shaguna ne hawa uku masu gilashi baƙi, janareta na ruri a baya, rabinsu ma babu kowa. Na tambayi mai gadi ko an ɗauki hoton gidan kafin a rushe. Ya dube ni kamar na tambaye shi hanyar wata.

Ko Otal ɗin Durbar, da aka gina don bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, na 1977, lokacin da Kaduna ta karɓi hawan daba na baƙin duniya, an rushe shi a farkon 2020. Rigimar mallakarsa da ta kotu ba tawa ba ce, kuma ya daɗe a yashe kafin nan. Tambayata ɗaya: cikin dukan masu faɗa a kansa, akwai wanda ya tura ɗalibin zanen gini ko guda ya auna shi, ya zana, ya ajiye? Abin dariya, garin nan ya san tsari. A 1967 kamfanin Max Lock ya fitar da babban kundin tsara Kaduna wanda ya waiwayi 1917 ya kuma hango har 2017. Shekarar ta zo, muka yi bikin cika ɗari da dawakai da algaita, muka watse. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana da dokarta tun 1979, amma abin da ta sa a jerinta kaɗan ne, kuma ba za ta san darajar gidajen ma'aikatan reluwe ko tsohuwar silima ko zauren wani malami a Unguwar Shanu ba. Wannan aikin jiha ne da ƙaramar hukuma da masu unguwanni. Jeri kawai ake buƙata a fara da shi: ga gine-ginen da ba a taɓawa sai an yi shawara, ga waɗanda za a iya rushewa amma sai an auna an ɗauki hoto. Rabin wannan jeri yana ƙarƙashin gadon Baba, an riga an rubuta shi da biro.

Akwai kuma hannun da ke gyara. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashe na Babban Masallacin Zariya ya rufta ana sallar la'asar, mutane suka rasu, Allah ya jiƙansu. Masallacin da shahararren magini Babban Gwani ya gina ne wajen shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ginin ƙasa da masana gini na duniya ke zuwa kallon bakan gizonsa. Ban zo ɗora wa kowa laifi ba. Amma bayan abin ya faru na tambayi Baba mutum nawa suka rage da za su iya ɗaura irin wannan rufin. Bai ba ni adadi ba, sai ya fara lissafa abin da magini yake buƙatar sani: wace ƙasa ake haƙa, kwana nawa ake barin ta ta ruɓa da ciyawa kafin a murza tubali, yadda ake jera azara ana ɗaure ta har baka ya haɗu a sama, yadda ake jiƙa makuba a yi yaɓe, inda ake sa indararo don kada ruwa ya kwanta a kan soro. Ginin ƙasa kamar dabba yake, in ji shi, kowace shekara kafin damina sai an duba shi an ba shi abincinsa. 'Ya'yan magina sun koma bulo da siminti, kuma ba za ka ga laifinsu ba, can kuɗin yake. Wanda duk zai yi maganar gine-ginen tarihi a jihar nan bai sa albashin magini da na yaron da zai koya a wurinsa a lissafi ba, zancen fatar baki yake.

Da ni aka tambaya yadda za a karrama Baba, da na ce a bar allon gilashin. A nemo matasa biyar, daga ɓangarorin kogin biyu, a ba su ɗan abin sawa a aljihu na shekara biyu, aikinsu kawai su bi shi. Su riƙe waya su naɗi muryarsa a gaban kowane gini. Su kwashi littattafansa su kai inda za a ɗauki hotonsu shafi-shafi, ga Arewa House, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a titin Yakubu Gowon, duk a cikin garin nan suke. A liƙa ɗan allo a jikin kowane gini da bayani layi huɗu, da Hausa da Turanci, wanda mai jiran Keke zai karanta kafin ta zo. A sa kowace makarantar gwamnati ta fitar da 'yan aji ɗaya sau ɗaya a shekara, kuma a tabbatar motar ta ƙetare gada. Ban san nawa aka kashe a rumfuna da kujeru da shinkafar ranar ba, amma na ga yawan motocin da suka zo, kuma man da suka sha kaɗai zai fara wani abu.

Ina ta faɗin “aka yi” da “ba a yi ba” kamar ba na wurin. Ina wurin. Ina layi na uku, da faranti a cinyata, lokacin da ya ɗaga makullan. Na san abin da ke cikin akwatunan fiye da kowa a zauren, kuma ni ma ban miƙe ba. Na ce a raina ai akwai manya, akwai hukuma, akwai masu digiri a fannin. Kowa a zauren abin da ya ce a ransa ke nan.

Asabar ɗin da ta biyo baya na sayi goro da lemo na tafi gidansa. Na tarar da shi a zaure a kan tabarma yana sauraron rediyo. Allon gilashin yana jingine a lungu, ko ledarsa ba a cire ba. Muka gaisa, na tambayi jiki, ya tambayi iyali, sannan na ce, “Baba, makullan nan na zo gani.”

Ya daɗe yana kallona. Sai ya ɗaga murya ya ce a turo yara su jawo akwatin farko. Daga cikin gida na ji Inna tana cewa Alhamdu lillahi, dama ta gaji da share ƙarƙashin gadon nan, saura kaɗan ta kai wa mai ƙosai takardun. Yara biyu suka jawo shi da ƙyar. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa man keke. Da murfin ya buɗe wani wari ya taso, na tsohuwar takarda da kafur. Littafin da ke sama irin na 'yan makaranta ne mai jadawalin lissafi a baya, gara ta cinye kusurwarsa ta ƙasa, ta tafi da rabin wani suna da shekarar da ke gefensa. Baba ya kai shi kusa da idonsa, ya nisanta, ya sake kusantowa.

“Wannan direban jirgin ƙasa ne,” in ji shi. “A Makera na same shi, ya makance. Sunan zai dawo mini, bari. Ka zo da biro?”

Na ce na zo da waya, za ta ɗauki komai.

“Wayar taka ta mutu fa? Aiki yaro ya sayo biro. Kuma Asabar mai zuwa ƙarfe bakwai ka same ni a tashar jirgi, tsohuwar. Kada ka zo da mota, da ƙafa za mu taka.”